Malaman Turanci Masu Baibul a Aljihu: Abin da Ya Faru a Japan

Ranar Lahadi, 30 ga Janairu, 1876, wasu samari 'yan makaranta suka hau wani tsauni mai suna Hanaoka a gefen birnin Kumamoto, can kudancin Japan. Da suka kai ƙololuwa suka yi addu'a, aka karanta wata takarda, su 35 suka sa mata hannu. Abin da takardar ta ƙunsa shi ne sun karɓi addinin Kirista, kuma za su yaɗa shi a ƙasarsu ko da za su rasa rayukansu.

Yawancinsu ba su kai shekara ashirin ba. 'Ya'yan gidajen samurai ne, wato jinsin mayaƙa da masu mulki na Japan ta da. Iyayensu sun kai su makarantar ne domin su koyi Turanci da lissafi da kimiyya, su zama manyan ma'aikatan sabuwar gwamnati. Ba wanda ya tura ɗansa don ya sauya addini. Da labari ya sauko gari, gidaje suka rikice. Aka kulle wasu daga cikin yaran a ɗaki, aka ƙona littattafan wasu. Mahaifiyar ɗaya daga cikinsu, Yokoi Tokio, ta yi barazanar kashe kanta idan bai janye ba. Kafin shekarar ta ƙare an rufe makarantar, malamin da ya koyar da su, wani Ba'amurke mai suna Leroy Lansing Janes, ya bar garin.

Wannan labari yanki ne na wani dogon ciniki da aka yi a Japan tsakanin 1859 da farkon ƙarni na 20. Gwamnati tana son harshen Turawa da iliminsu, ba ta son addininsu. 'Yan mishan kuwa suna son yaɗa addini, ba su da ƙofar shiga sai ta aji. Kowane ɓangare ya san abin da ɗayan ke nufi, kowa kuma yana ganin shi zai ci riba. Waɗanda ba a yi shawara da su ba su ne ɗaliban, kuma su ne a ƙarshe suka yanke yadda cinikin zai kaya.

Ƙasar da ta kulle ƙofarta

Japan ta san Kiristanci tun kafin Amurkawa su zo. Francis Xavier, limamin Katolika, ya sauka a Kagoshima a 1549, kuma cikin 'yan shekaru addinin ya samu dubban mabiya, har da wasu sarakunan yankuna. Masu mulkin soja na gidan Tokugawa suka ga alamar cewa bayan limami ɗan kasuwa zai biyo, bayan ɗan kasuwa kuma soja. A 1614 suka haramta addinin. Bayan tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638, wanda yawancin masu yin sa manoma Kiristoci ne, aka kori Turawa gaba ɗaya, ban da 'yan kasuwar Holan da aka killace a wani ɗan tsibiri mai suna Dejima a Nagasaki. A wasu yankuna akan sa mutane su taka hoton Yesu ko na Maryamu kowace shekara don su nuna ba Kiristoci ba ne. A mararrabar hanyoyi kuma akwai allunan katako da ke shelar haramcin da ladan wanda ya tona asirin Kirista.

Haka aka zauna fiye da shekara 200, har jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka bayyana a 1853 suka tilasta buɗe ƙofa. Yarjejeniyar 1858 ta bai wa baƙi damar zama a wasu tashoshin jiragen ruwa da yin ibadarsu a tsakaninsu. Amma ga ɗan ƙasa, haramcin yana nan daram. Don haka 'yan mishan na farko da suka iso a 1859 suka tarar da kansu a wani hali: an bar su su zauna, ba a bar su su yi wa'azi ba.

Sai dai akwai abin da suke da shi wanda samarin ƙasar ke nema ido rufe. Japanawa sun ga yadda Ingila ta durƙusar da ƙasar Sin a yaƙin da aka yi kan cinikin ofiyom, sun ga bindigogin Perry da idonsu. Masu hangen nesa cikinsu sun gane cewa idan ba su koyi yadda ake ƙera jirgi da igwa ba, su ma mulkin mallaka na nan tafe. Littattafan wannan ilimi kuwa da yawansu da Turanci aka rubuta.

Verbeck da ɗalibansa na Nagasaki

Guido Verbeck haifaffen Holan ne, ya karanci aikin injiniya, ya yi ƙaura zuwa Amurka, daga nan wata majami'a ta turo shi Nagasaki a ƙarshen 1859. Ya fara da 'yan ɗalibai a gidansa. Daga baya hukumar Nagasaki ta ɗauke shi koyarwa a makarantarta, masarautar Saga ma ta ba shi aiki a tata. Littattafan da ya yi amfani da su wajen koya wa manyan ɗalibansa Turanci sun haɗa da Sabon Alkawari da Kundin Tsarin Mulkin Amurka.

A 1866 ya yi wa wani babban hakimin Saga, Murata Wakasa, baftisma a ɓoye. Amma mafi yawan ɗalibansa ba su bi wannan hanya ba. Okuma Shigenobu, wanda ya karanta littattafan nan biyu a gabansa, ya riƙe abin da ya koya game da tsarin mulki, ya bar addinin inda ya same shi. Ya zama firaminista sau biyu, kuma shi ya kafa makarantar da ta zama Jami'ar Waseda. Bayan juyin 1868, wanda ya kawar da gidan Tokugawa ya dawo da mulki hannun Sarki Meiji, tsofaffin ɗaliban Verbeck suka zama manya a gwamnati. A 1869 suka kira shi Tokyo ya taimaka wajen tsara makarantar da daga baya ta zama wani ɓangare na Jami'ar Tokyo. Yana cikin waɗanda suka ba da shawarar tura babbar tawagar nan ta Iwakura, wadda ta zaga Amurka da Turai daga 1871 zuwa 1873.

A Yokohama ma abin da ke faruwa ke nan. Likita James Hepburn yana duba marasa lafiya yana haɗa ƙamus na Japananci da Turanci, wanda ya fito a 1867, matarsa Clara kuma tana koyar da Turanci tun 1863. Tsarin da aka fi bi a yau wajen rubuta kalmomin Japan da baƙaƙen boko sunan Hepburn yake ɗauke da shi. Majami'ar Furotestan ta farko ta 'yan ƙasa, wadda aka kafa a Yokohama a Maris 1872 da mutum 11, yawancin mambobinta ɗaliban ajin Turanci ne na wani ɗan mishan mai suna James Ballagh.

Sabuwar gwamnati ba ta sassauta nan da nan ba. Ita ce ma ta kwashe Kiristocin ƙauyen Urakami fiye da 3,000, waɗanda kakanninsu suka riƙe addinin a ɓoye tsawon zamanin haramci, ta warwatsa su a wasu larduna, ɗaruruwa suka mutu. Duk inda tawagar Iwakura ta sauka a ƙasashen Yamma sai an yi mata ƙorafi a kan haka. A Fabrairu 1873 aka sauke allunan haramcin. Ba a ce an halatta addinin ba, an dai daina shelar hana shi.

Kyaftin Janes a Kumamoto

Masu mulkin Kumamoto na lokacin almajiran wani malami ne mai son sauyi, Yokoi Shonan, wanda aka kashe a 1869, kuma cikin zargin da makasansa suka yi masa har da sassauci ga Kiristanci. Sun so su buɗe makarantar ilimin zamani, suka nemi Verbeck ya samo musu malami. Ba su son fasto. Soja suke so, wanda zai iya da 'ya'yan samurai. Aka samo musu Janes, wanda ya fito daga makarantar hafsoshi ta West Point, ya yi yaƙin basasar Amurka har ya kai muƙamin kyaftin. Ba naɗaɗɗen ɗan mishan ba ne, amma ta hannun 'yan mishan ya zo, kuma mutum ne mai tsananin riƙo da addininsa.

Makarantar ta buɗe a 1871. Janes ya ƙi amfani da tafinta. Tun daga ranar farko komai da Turanci ake yi, daga baƙaƙe har zuwa tarihi, labarin ƙasa, lissafi, ilimin sinadarai da na taurari. Ɗalibai na kwana a makaranta, ana tafiyar da su kamar kurata: lokacin tashi, lokacin ci, lokacin barci, duk a ƙa'ide. Wanda ya kasa a sallame shi. Ya shigo da irin kayan lambu da mutanen yankin ba su sani ba, ya saba wa yaran da cin naman sa da burodi da madara. Ya kuma bari 'yan mata biyu suka zauna aji ɗaya da maza, abin da ba a saba gani ba.

Kusan shekara uku bai kira kowa zuwa addini ba. Sai da ɗaliban farko suka iya Turanci sosai, suka kuma sakankance da shi, sannan ya sanar cewa duk mai so yana iya zuwa gidansa da dare a karanta Baibul. Wasu sun je don ƙarin Turanci. Wasu sun je don su samu abin da za su kafa hujja da shi su ƙaryata addinin. Wasu kuma don kunyar malami. A hankali karatu ya koma addu'a, addu'a ta koma wa'azin Lahadi, har aka kai ga hawan tsaunin Hanaoka.

Me ya sa abin ya kama su haka? Sai an dubi halin da samurai ke ciki. A 1871 aka rushe masarautun da suke yi wa hidima. A 1876 aka hana su rataya takobi, aka kuma mayar da albashin gado da suke karɓa takardun lamuni. Yaro ya tashi an tarbiyyantar da shi a kan biyayya ga ubangida har mutuwa, sai ya wayi gari babu ubangidan. Ga kuma wani baƙo, soja kamar iyayensa, ba ya shan giya, ba ya ƙarya, ya san tafiyar taurari, yana ce masa ƙarfin ƙasashen Yamma daga wannan littafi ya samo asali. Takardar da suka sa wa hannu cike take da zancen ceton ƙasa. A ganinsu shiga Kiristanci wani nau'i ne na kishin Japan.

Iyayensu ba su gan shi haka ba. A wurinsu amana aka ci. An ba mutum yara da albashi mai tsoka daga baitulmali, ya mayar da su masu ƙin yi wa kakanni hidimar da aka gada. Masu goyon bayan Janes suna cewa bai karya doka ba, tunda a gidansa ya yi, bayan an tashi daga makaranta, kuma bai tilasta wa kowa ba. Masu sukarsa suna cewa malamin da ke riƙe da makin yaro da makomarsa, gayyatarsa ba ta da bambanci da umarni. Har yau wannan gardama ba ta mutu ba.

An rufe makarantar a 1876. Jim kaɗan bayan tafiyar Janes, a watan Oktoba, wasu samurai masu ƙin duk wani abu na baƙi suka yi bore a Kumamoto, suka kashe kwamandan sojojin garin, gwamnan lardin ma ya mutu daga raunin da suka yi masa. Da Janes yana nan, da wuya ya tsira.

Yaran kuwa da yawansu suka nufi Kyoto, inda wani Bajapane mai suna Niijima Jo, wanda ya sulale daga ƙasar a 1864 ya yi karatu a Amurka, ya buɗe makarantar Turanci ta Doshisha a 1875 da ɗalibai 8. Zuwan 'yan Kumamoto ne ya raya ta. Amma 'yan mishan da ke koyarwa a can sun sha wuya da su, domin sun zo da girman kai da yawan tambaya, suna raina darasin da bai gamsar da su ba.

Wata takwas a Sapporo

A shekarar da aka rufe makarantar Kumamoto, gwamnati ta ɗauko William Smith Clark, shugaban kwalejin aikin gona ta Massachusetts, don ya kafa irinta a Sapporo, a tsibirin Hokkaido na arewa. Jami'in da ke kula da yankin, Kuroda Kiyotaka, ya nemi Clark ya koya wa ɗaliban ɗa'a. Clark ya ce shi bai san wata hanyar koyar da ɗa'a ba sai da Baibul. Suka yi ta ja, daga baya Kuroda ya kau da kai. Clark ya raba wa ɗalibai Baibul na Turanci.

Wata takwas kacal ya yi yana koyarwa. Kafin ya tafi a Afrilu 1877 ya rubuta wata takardar alkawarin bin Yesu, ɗaliban ajin farko suka sa hannu. Da 'yan aji na biyu suka iso, Clark ya riga ya koma gida, sai manyansu suka tasa su gaba. Ɗaya daga cikinsu, Uchimura Kanzo, ya faɗa daga baya cewa matsa masa aka yi ya sa hannu ba da son ransa ba, har ya je wurin bautar gargajiya yana roƙon a kawar da sabon addinin daga makarantar. Amma da ya shiga, ya riƙe shi fiye da waɗanda suka tura shi.

Abin da waɗannan samari suka yi da addinin ya ba 'yan mishan mamaki. Sun ranci kuɗi daga mishan ɗin Methodist don gina wurin ibada. Da suka ga bashin na nufin sai sun zama reshen wata ɗarika ta Amurka, suka tsuke bakin aljihu suka biya shi kaf a 1882, suka ayyana majami'arsu mai zaman kanta. Uchimura ya tafi Amurka a 1884 yana zaton zai ga ƙasar tsarkaka, ya tarar da son kuɗi da wariyar launin fata. Ya dawo yana sukar 'yan mishan a fili, daga baya ya kafa tafarkin da ake kira Mukyokai, wato Kiristanci ba tare da coci ba: babu fasto, babu gini, babu kuɗin waje, sai malami da ɗalibai da littafi.

Abokin ajinsa Nitobe Inazo ya yi amfani da Turancin ta wata fuska. Ya rubuta littafin Bushido da Turanci, yana bayyana wa Turawa cewa Japan tana da nata tsarin ɗa'a tun kafin su zo. Ya zama mataimakin babban sakataren Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta farko daga 1920, kuma hotonsa ne a kan takardar kuɗi ta yen 5,000 daga 1984 zuwa 2004.

Gwamnati ta ja linzami

Zuwa ƙarshen shekarun 1880 gwamnati ta samu abin da take nema. Ta horar da 'yan ƙasa da za su iya koyarwa, ta fara sallamar baƙi masu tsadar albashi. Taken da ya yi tashe a zamanin yana nufin a ɗauki fasahar Yamma a riƙe ruhin Japan. Tsarin mulkin 1889 ya ba da 'yancin addini, amma da sharaɗin kada ya saɓa wa zaman lafiya da wajiban talakawan sarki. A 1890 aka fitar da umarnin sarki kan ilimi, wanda ake karantawa a makarantu cikin girmamawa.

A Janairu 1891, a wata babbar makaranta a Tokyo, aka jera malamai su sunkuya wa takardar umarnin mai ɗauke da sa hannun sarki. Uchimura, wanda ke koyarwa a wurin, bai sunkuya yadda ake so ba. Jaridu suka yi masa ca, aka kira shi maci amanar ƙasa, ya rasa aikinsa. A 1899 kuma ma'aikatar ilimi ta hana koyar da addini a duk makarantar da gwamnati ta amince da ita, har da masu zaman kansu. Makarantun mishan suka shiga tsaka mai wuya: ko su bar Baibul, ko ɗalibansu su rasa gatan da takardar gwamnati ke bayarwa.

Malamin da aka kora, ya ƙi tafiya

Duk da haka hanyar aji ba ta toshe ba. Makarantun larduna na bukatar Turawa masu koyar da magana, ƙungiyar samari Kiristoci ta YMCA kuma ta ɗauki nauyin samo su daga Amurka. Ta wannan hanya William Merrell Vories, ɗan shekara 24, ya sauka a garin Omi Hachiman a Fabrairu 1905 don koyarwa a makarantar kasuwanci ta lardin Shiga. Tun yana ɗalibi ya yi niyyar aikin mishan, bayan wani taro da ya halarta a Toronto a 1902.

Bai yi jinkirin Janes ba. Yana zuwa ya buɗe ajin Baibul a gidansa, ɗalibai suka yi ta tururuwa. Yankin kuwa cibiya ce ta mabiya addinin Buddha. Rikici ya tashi tsakanin ɗalibai, manyan gari suka kai kuka, a Maris 1907 aka sallame shi. Takardar da aka ba shi ta nuna ba a same shi da gazawa a koyarwa ba, an sallame shi ne saboda mutanen lardin ba su yarda da yadda yake jan yara zuwa Kiristanci ba.

Vories bai koma gida ba. Ba shi da albashi, ba wata majami'a da ke ɗaukar nauyinsa. Wani tsohon ɗalibinsa, Yoshida Etsuzo, ya zauna tare da shi. A 1908 ya buɗe ofishin zanen gine-gine, sana'ar da ya so tun yana yaro. Ofishin ya zana gine-gine fiye da 1,000, ciki har da harabar Jami'ar Kwansei Gakuin da babban kantin Daimaru na Osaka. Kamfaninsu ya samu izinin sayar da man shafawa na Mentholatum a Japan. Da ribar suka riƙe asibitin masu tarin fuka da suka buɗe a 1918, da makarantu. Ya auri Bajapaniya 'yar gidan sarauta, Hitotsuyanagi Makiko, a 1919. A 1941, ana dab da yaƙi tsakanin ƙasar haihuwarsa da ƙasar zamansa, ya zama ɗan ƙasar Japan. Garin da ya kore shi daga aji shi ne ya ba shi lambar ɗan gari na girmamawa a 1958. A can ya mutu a 1964.

Abin lura a rayuwarsa shi ne mutanen garin sun fi sakin jiki da shi bayan ya bar aikin gwamnati. Da ya tsaya da ƙafarsa, kowa ya san ko shi wane ne da abin da ya zo yi, wanda ya ga dama ya je wurinsa, wanda bai ga dama ba ya wuce. Ba ɗan kowa a hannunsa bisa tilas.

Wa ya ci riba?

Idan da ƙidaya za a bi, gwamnatin Japan ce. Ta samu harshen da ilimin, kuma har yau Kiristoci ba su wuce kusan kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba. Burin 'yan mishan na ganin Japan ta zama ƙasar Kirista bai cika ba. Sai dai sun bar jami'o'i irin su Doshisha da Meiji Gakuin, da makarantun 'yan mata da dama waɗanda suka riga na gwamnati.

Yaran makarantar Kumamoto ma kowa ya kama gabansa. Kozaki Hiromichi da Ebina Danjo sun zama manyan fastoci, kowannensu ya shugabanci Doshisha, amma Ebina ya cuɗa addinin da kishin ƙasa har wasu Kiristoci suka ce ya kauce. Tokutomi Soho ya bar addinin, ya zama shahararren ɗan jarida, ƙarshe ya zama babban mai zuga yaƙin da Japan ta yi da Amurka. Kanamori Tsurin ya fita daga addinin shekaru masu yawa, sannan ya dawo ya zama mai wa'azi. Tattaɓa-kunnensa, Ishiba Shigeru, wanda shi ma Kirista ne, ya zama firaministan Japan a 2024.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba zai ji wannan labari baƙo ba. A shekarar da Vories ya isa Omi Hachiman, 1905, Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya yana magani yana koyar da yara, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Tsoron da iyayen Kumamoto suka ji shi ne ya sa iyaye da yawa a nan suka guji boko. Bambancin shi ne Japan da kanta ta ɗauko malaman, ita ke biyansu, ita ke sallamarsu ran da ta ga dama. Shi ya sa ta iya karɓar karatun ba tare da ta ji an ɗora mata shi ba. A nan kuwa makaranta ta zo ne tare da waɗanda suka ci ƙasa da yaƙi.

Hanyar da Verbeck ya buɗe har yanzu ana bin ta. Da ƙasar Sin ta fara buɗe ƙofa bayan mutuwar Mao, ƙungiyoyin Kirista na Amurka suka riƙa tura malaman Turanci jami'o'inta, inda ba a ba ɗan mishan biza. Masu wannan aiki suna kiran kansu masu ɗinkin tanti, suna koyi da Bulus, wanda ya riƙa ciyar da kansa da wannan sana'a yana wa'azi. A cikin malaman Turanci na duniya, har da Kiristocinsu, ana ta muhawara a kai. Wasu na cewa kowane malami da aƙidarsa yake shiga aji, mai addini da marar addini, kuma ba laifi ba ne mutum ya amsa idan ɗalibi ya tambaye shi abin da ya gaskata. Wasu na cewa laifin yana wurin ɓoyewa: ka gaya wa hukuma da iyaye abu ɗaya, ka rubuta wa masu ba ka kuɗi a gida wani abu dabam.

Tambayoyin da iyayen Kumamoto suka makara ba su yi ba a 1871 suna nan ga duk wanda zai miƙa ɗansa ga malamin da ya zo daga nesa, ko wane addini malamin yake bi: wa ya turo shi, wa ke biyansa, kuma me yake koyarwa bayan an tashi daga aji? Malamin kirki ba zai ji nauyin amsa su ba.

Gidan da Janes ya zauna a Kumamoto, inda aka yi waɗancan karatuttukan dare, ya rushe a girgizar ƙasar Afrilu 2016. Hukumar birnin ta tattara katakan ta sake gina shi, yanzu gidan tarihi ne da 'yan makaranta ke kai wa ziyara.